Darasi na 7: Yadda Ma'aikatan Birtaniya Suka Kafa TUC

'Yan uwa ɗalibai, darasin yau a karanta shi da ƙarfi a aji, mutum ɗaya sakin layi ɗaya, kar a yi sauri.

Birtaniya ƙasa ce ta tsibiri, ruwa ya zagaye ta, kuma uwar ƙungiyoyin ƙwadagonta ana ce mata TUC. Ba ta Najeriya muke nufi ba fa, ta can ta girme ta nesa ba kusa ba.

Tun kafin a kafa ta ma'aikata sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1833 a wani ƙauye mai suna Tolpuddle an yi ta zaftare ladan masu aikin gona har ya dawo sule 7 a sati, ana kuma shirin mayar da shi sule 6, mutum da mata da 'ya'ya da kuɗin haya, ina sule 6 za ta kai shi? To sai wasu mutum 6, George Loveless ne jagoransu, suka kafa 'yar ƙungiya suka yi rantsuwa a asirce, da wannan rantsuwar aka kama su a 1834, alƙali ya yanke musu shekara 7, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Ostiraliya. Jama'a ba su yi shiru ba, wajen mutum 800,000 suka sa hannu a takardar koke, a 1836 aka yi musu afuwa.

Ƙungiyoyi sun ci gaba da fitowa, amma kowacce tana tata, masu ɗab'i daban, magina daban, masu saƙa daban. Sai a 1868 wakilai 34 suka zauna a birnin Manchesta, daga nan TUC ta faro. A 1871 doka ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago. Daga baya suka ga in ba su da nasu a majalisa wahala kawai suke, shi ne a 1900 aka kafa kwamitin da ya zama jam'iyyar Leba.

Shekarar 1926 ita ce nake so ku tsaya a kanta sosai. Masu ma'adinan kwal suka ce za su rage albashi kuma su ƙara awannin aiki, TUC ta kira yajin aikin gama-gari a watan Mayu don mara wa mahaƙa kwal baya, sama da ma'aikata miliyan 1 da rabi suka ajiye aiki, jiragen ƙasa suka tsaya, masu sauke kaya a tashar ruwa suka zauna gida, jaridu ma da kyar. Kwana 9 kacal shugabannin suka janye ba tare da sun samo wa mahaƙan komai ba. Gaskiya wannan abu yana min ciwo, don mahaƙan su kaɗai suka ci gaba har wajen Nuwamba, yunwa ce ta mayar da su rami, albashi ya ragu, awanni sun ƙaru. A 1927 gwamnati ta yi dokar hana yajin aikin taya wani.

Duk da haka TUC ba ta mutu ba. Wajen 1980 mambobinta sun kai miliyan 12, yanzu kuwa sun dawo wajen miliyan 5 da rabi. A 1999 aka fara biyan mafi ƙarancin albashi, fam 3.60 a awa. A 2013 Frances O'Grady ta zama mace ta farko babbar sakatariyar TUC.

Aikin aji: kowa ya rubuta 1834, 1868 da 1926 a littafinsa, a gaban kowacce ya rubuta jimla ɗaya kan abin da ya faru. Sai a lissafa, shekara nawa ne daga 1834 zuwa 1868? Bayan nan a zauna uku-uku, wanda yake cikin ƙungiya, ta direbobi ce ko ta teloli ko ta 'yan kasuwa, ya faɗa wa sauran nawa yake biya a wata, wa yake riƙe kuɗin, kuma wa yake da ikon cewa a janye yajin aiki.