Yadda ake auna aikin Abca1 a hantar ɓera

Ɗaliban bayokemistiri da yawa a jami'o'in Arewa aikin bincikensu iri ɗaya ne: a ciyar da ɓerayen Wistar abinci mai maiƙo, a ɗura wa wasu ruwan zogale ko wani tsiro, sannan a auna kolestirol a jini. Wannan zai nuna ko ya sauka, amma ba zai faɗi ta wace hanya ba. Mai son sanin hanyar, ɗaya daga cikin wuraren da zai leƙa shi ne Abca1.

Abca1 ƙwayar gado ce da ke kan kuromosom na 5 a jikin ɓera. Furotin ɗin da take samarwa yana zaune a fatar sel, yana amfani da ƙarfin ATP ya fitar da kolestirol waje ya ɗora wa wani furotin na jini mai suna apoA-I, kamar ɗan dako yana yi wa motar da ta zo wayam lodi. Ta haka HDL, wato kolestirol ɗin da ake kira mai kyau, ke samuwa, kuma hanta ce ke yin mafi yawan aikin. A 1999 aka gano cewa lalacewar takwararta ta mutum ce ke jawo cutar Tangier, wadda masu ita kusan ba su da HDL a jini. Abin da za ka auna shi ne yawan mRNA ɗin Abca1, wato kwafin saƙon da sel ke bi ya haɗa furotin ɗin, da hanyar RT-qPCR, wadda ke mai da RNA zuwa DNA ta riɓanya shi don a auna yawansa.

Kafin a taɓa ɓera

Ka fara karɓo takardar amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji na makarantarku. Sai ka tsara faraimominka, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna wurin da za a riɓanya. Shiga NCBI ko Rat Genome Database ka ɗauko jerin na ɓera, ka kula sosai, domin na babban ɓera (rat) da na ƙaramin ɓera (mouse) duk Abca1 ake rubuta su, na mutum kuwa ABCA1 ake rubutawa. A Primer-BLAST ka nemi guntu mai tsawon harufa 70 zuwa 150, wanda ya ratsa mahaɗar ekson biyu (sassan ƙwayar gado da ke zama a cikin mRNA), don kada DNA da ya saura ya shiga lissafi.

Ranar cire hanta

Nan ne aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Ɓera da dare yake cin abinci, haɗa kolestirol a hantarsa ma da dare yake ƙaruwa. Idan ka gama da rukunin farko da safe, na biyu sai bayan la'asar, bambancin da za ka gani wataƙila na agogo ne, ba na zogale ba. Ka hana su abinci na tsawon lokaci ɗaya, ka riƙa ɗauka ɗaya daga nan ɗaya daga can, kuma daga ɓangaren hanta guda kake yanka a kowane ɓera.

RNA ba ya jira. Sinadarin da ke cinye shi, RNase, yana nan a yatsunka da guminka, don haka safar hannu ba ado ba ce. Da ka yanko, ka tsoma a ruwan naitirojin nan take. Inda babu shi, ko inda ake ɗauke wuta firiza ta narke cikin dare, RNAlater, ruwan da ke adana RNA, ya fi zama rufin asiri: yanka tsokar kada kaurinta ya wuce rabin santimita, ta kwana a cikinsa a firji a maki 4 na ma'aunin Celsius, washegari a kai ta firiza.

Fitar da RNA

Miligiram 50 zuwa 100 na hanta a cikin mililita 1 na TRIzol, ruwan fitar da RNA, a niƙe lukui. Zuba mililita 0.2 na kulorofom, girgiza, juya a injin santirifuj a 12,000 g na minti 15 a maki 4. Za ka ga hawa uku: ja a ƙasa, farin zare a tsakiya, ruwa garau a sama. Na saman kaɗai kake so. Kada kwaɗayi ya sa ka zuƙe har kusa da farin zaren, DNA ne a wurin. Hantar ɓeran da ya sha maiƙo takan taso da kitse bayan niƙa, sai ka fara juyawa ka kauce masa kafin ka zuba kulorofom. Daga nan aisofurofanol, wanki da itanol mai kashi 75, a narkar a ruwan da ba RNase. Awon 260/280, mai nuna tsabtar RNA, ya kamata ya tsaya wajen 2.0.

Ka bi da DNase, mai cinye DNA da ya saura, sannan ka mai da adadin RNA iri ɗaya daga kowane ɓera zuwa cDNA, wato kwafinsa na DNA.

Cikin injin qPCR

Kowane samfur a ramuka uku na farantin, da rinin SYBR Green mai haska DNA, zagaye 40. Ka bar rami ɗaya ba cDNA, wani kuma da RNA da ba a mai da shi cDNA ba. Idan waɗannan suka tashi, akwai gurɓata, a sake. A ƙarshe layin narkewa ya fito da tsini ɗaya tak.

Kowa ƙwayar gadon Gapdh yake kamawa a matsayin ma'aunin kwatance, amma a hanta mai kitse shi kansa yana iya motsi. Ka haɗa shi da Hprt1 ko Actb, ka tabbatar ba su sauya tsakanin rukunai ba. Lissafi kuwa hanyar 2^-ΔΔCt ce, wadda Livak da Schmittgen suka bayyana a 2001. Ramuka uku na ɓera ɗaya ba ɓeraye uku ba ne, ka haɗa su ka ɗauki matsakaici kafin ka shiga ƙididdiga.

Abin da za ka iya rubutawa

Idan Abca1 ya tashi, kada ka yi saurin yaba wa tsiron. Kolestirol ɗin da ya taru a sel shi kansa yana tayar da wani furotin mai suna LXR, LXR kuma ya kunna Abca1, don haka ɓeran da ya ci maiƙo ba magani ma yana iya nuna ƙari. Shi ya sa rukunin da ke cin abinci na yau da kullum ya zama dole. Sannan yawan mRNA ba shi ne yawan furotin ba, domin furotin ɗin yana saurin rushewa. In da hali ka tabbatar da Western blot, hanyar auna furotin. Kuma a babin tattaunawa ka ambata cewa ɓera ba shi da CETP (furotin da ke kwashe kolestirol daga HDL), ba shi da maɗaciya, kuma yawancin kolestirol ɗin jininsa a HDL yake, saɓanin mutum da nasa ya fi yawa a LDL, wanda ake kira marar kyau.