Yadda Ake Danna Wasu Gurare a Jiki Don Rage Ciwon Mara

Ciwon mara na lokacin al'ada ba iska ba ne, ba kuma raki ba ne. Mahaifa ce ke murɗawa don ta fitar da jini, kuma wani sinadari da ake kira prostaglandin ne ke sa ta, shi ya sa ya fi tsananta a rana ta farko da ta biyu. A likitancin gargajiya na ƙasar Sin akwai dabarar danna wasu gurare da yatsa, ba allura, ba kuɗi. Wasu 'yan mata na samun sauƙi sosai da ita, wasu kaɗan. Ta fi amfani ga 'yar makarantar kwana da ciwo ya taso mata da tsakar dare a ɗakin kwana.

Ki fara yanke farce, ki zauna kan tabarma ko bakin gado ki naɗe ƙafa.

Wuri na farko shi ne babba, masu wannan ilimi suna kiransa SP6. Ki laluɓo idon sawunki ta ɓangaren ciki, ki jera yatsunki huɗu a kansa zuwa sama. Inda na huɗun ya tsaya, ki zame kaɗan zuwa bayan ƙashin ƙwauri, wurin da nama ke da taushi. Nan ne. Idan kin dace za ki ji wani ɗan tsami kamar an taɓa tsohon targaɗe. Ki danna da babban yatsa kina murzawa a hankali na minti 1 zuwa 2, ki saki, ki koma ɗaya ƙafar. Kada ki danna kan ƙashin, nan mutane suka fi kuskure, sai a yi ta shan zafi a banza. Ki riƙa jan numfashi mai tsawo, kada ki riƙe shi.

Na biyu yana hannu, a naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Ki kama shi da yatsu biyu na ɗaya hannun ki matsa minti 1. Wannan ko cikin aji, a ƙarƙashin hijabi, za ki yi ba wanda ya sani.

Na uku yana saman ƙafa, ba a tafin ba, a kwarmin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, kamar faɗin yatsa biyu zuwa sama.

Kada ki jira sai kin fara birgima. Ki soma kwana 2 ko 3 kafin jinin ya zo, safe da dare. A ganina haɗa shi da ɗumi ya fi: ruwan zafi a gora, a naɗe da tawul a ɗora a mara, balle lokacin hunturun Bauchi. Idan za ki sha maganin ciwo na ibuprofen, ki ci abinci tukuna, mai gyambon ciki kuwa ta guje shi.

Mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, kada ta danna wuri na farko da na biyu. Haka inda akwai rauni ko kumburi.

Iyaye mata, idan yarinya na jiƙa audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko tana suma, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, ko ciwon na ƙaruwa wata bayan wata, kada a ce "za ta daina in ta yi aure". A kai ta sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko asibitin da ya fi kusa, likita ya duba ta.