Yadda ƙaramin kamfani zai kare kansa daga matsalolin kwamfuta da intanet

Yawancin matsalolin fasaha da ke durƙusar da ƙananan kamfanoni suna farawa ne daga wani ɗan aiki da aka yi ta ɗagawa zuwa gobe, har ranar da ya fi ƙarfin gyara. Idan kwamfuta ta lalace ana iya sayen wata, amma lissafin ciniki, da jerin waɗanda ake bi bashi, da lambobin abokan hulɗa, ba a sayar da su a ko'ina, don haka daga kansu ya kamata kariya ta fara.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bayarwa a kan ajiyar bayanai ita ce 3-2-1, wato kwafi uku na duk wani muhimmin bayani, a kan na'urorin ajiya iri biyu, ɗaya daga cikin kwafin kuma a wajen wurin aiki. A aikace, wannan yana nufin kwafi ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a na'urar ajiya ta waje, ɗaya kuma a rumbun intanet irin su Google Drive ko OneDrive, ta yadda gobara ko sata ba za su kwashe komai lokaci guda ba. Ya kamata a cire na'urar ajiyar daga jikin kwamfuta da zarar an gama kwafa, domin manhajar da ke kulle bayanai don neman kuɗin fansa tana kulle duk abin da ta tarar a haɗe. Haka kuma babban fayil da ke daidaita kansa da rumbun intanet ba cikakkiyar ajiya ba ce, saboda abin da aka goge a nan yakan goge a can. Abin da aka fi yin sakaci da shi, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, shi ne gwaji: sau ɗaya a wata a zaɓi fayil daga ajiyar, a dawo da shi, a buɗe a tabbatar yana aiki, domin ranar da bala'i ya auku ba ita ce ranar da za a gano cewa ajiyar ta tsaya tun watanni ba.

Sabunta manhajoji shi ne na biyu. A watan Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Ingila, alhali kuwa kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar Windows da manhajar ta bi ta shiga tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa galibi ba su saka gyaran ba ne. A kunna sabuntawa ta kai tsaye, a kuma san cewa tallafin Windows 7, wato gyaran tsaron da Microsoft ke aika masa, ya ƙare a Janairun 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro bai kamata a shiga asusun banki da ita ba.

Sai dai ɓarna mai yawa tana shigowa ne ta hannun mutane. 'Yan damfara sukan aiko da imel da sunan wani mai kawo kaya, su ce an sauya lambar asusun da za a biya kuɗi, su kuma matsa cewa a yi gaggawa. Maganin wannan shi ne doka ɗaya da kowane ma'aikaci zai sani: ba a tura kuɗi zuwa sabon asusu sai an kira mutumin a lambar da aka san shi da ita tun da farko, ba wadda ke cikin saƙon ba. Kowane ma'aikaci ya samu nasa asusun shiga da tasa kalmar sirri mai tsawo, a kunna tantancewa mai mataki biyu (wato neman ƙarin shaida, kamar lambar da ke zuwa waya, bayan kalmar sirri) a imel da banki da shafukan sada zumunta, sannan a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, ko da an rabu lafiya.

Matsalar wuta da zafi ba ta buƙatar dogon bayani. Na'urar UPS, mai batirin da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, tana ba da 'yan mintuna na adana aiki da kashe kwamfuta yadda ya kamata, amma batirinta yana tsufa, sai a riƙa gwada shi. A riƙa share ƙurar da ke toshe hanyar iska, kada kuma a matse kwamfuta a jikin bango. Kamfanin da cinikinsa ya dogara da intanet ya tanadi layi na biyu daga wani kamfanin sadarwa dabam.

Duk waɗannan ayyuka a ɗora su a wuyan mutum ɗaya da aka ambata da suna, ko da ba injiniya ba ne. Ya riƙe littafi da ke ɗauke da jerin na'urori, da ranar sabunta kowane lasisi da adireshin shafin intanet, da lambar mai gyara, kuma mai kamfanin ya tabbatar cewa manyan asusun an buɗe su da sunan kamfani ne, ba da imel ɗin wani ma'aikaci ko na mai gyara ba.