Yadda na daina asarar kuɗi wajen hayar mota

Alhamdulillah, yau kuɗina suka dawo akawun.

Da farko kamfanin da ya fi araha na zaɓa, ina ganin CDW (kariyar da kamfanin haya ke bayarwa in mota ta lalace) a takarda na ɗauka inshora ta gama komai. Ashe akwai kason da ke kanka in mota ta samu ko da ƙwarzane ne, kuma sai sun riƙe shi a katinka kafin su ba ka makulli. Na gwada sayen ƙarin inshorarsu a wurin karɓar mota, kullum ake biya, ta kusa kamo kuɗin hayar kanta.

Wannan karon tun kafin tafiya na sayi inshorar wancan kason daban ta intanet, ta shekara guda, na tabbatar ta haɗa taya da gilas da ƙarƙashin mota don CDW yawanci ba ta biyan su. Kamfani kuma na duba nawa suke riƙewa kafin na duba farashi. Wajen karɓa na zagaye motar da bidiyo, na sa ma'aikacin ya rubuta wata loɓawa a ƙofar baya ya sa hannu.

Dutse ya tsaga gilas, kamfanin hayar suka cire kuɗin a katina. Na tura wa masu inshorar yarjejeniyar haya, rahoton ɓarna, rasit da bayanan kati, suka biya ni.