Ba kowane soja ake ci ba a farkon wasan ces

'Yan ces na Gombe, masu bugawa a shafin intanet na Lichess da masu shimfiɗa allo da yamma wajen Jekadafari, akwai abin da nake yawan gani wallahi, da an ajiye wa mutum soja sai ya wafce kawai, baya tambayar kansa me yasa aka bar masa shi.

Ɗauki buɗewar wasan da ake kira Queen's Gambit, kai ne baƙi. 1.d4 d5 2.c4 dxc4, cin ba laifi bane, manya ma suna yi. Kwaɗayin riƙe sojan ne matsalar. Fari ya buga e3, kai kuma ka ce ai ya zama naka sai ka tura b5 ka kare shi, ya zo da a4, ka ƙara c6, ya ci axb5 ka rama cxb5, to sai sarauniya ta fito f3 tana kallon ruk ɗinka na a8 babu kowa a tsakani, dole ka sadaukar da doki ko bishof. Garin neman gira an rasa ido kenan. Gyaran mai sauƙi ne, bar masa abinsa ya ɗauka, kai ka fito da doki f6, ka buga e6, daga baya c5.

Sai wanne soja zaka ci da shi. An koya mana a ci zuwa tsakiya, kuma yawanci gaskiya ne, amma wasu sun haddace shi kamar karatun allo. A buɗewar Ruy Lopez, bayan 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 a6 4.Bxc6, dxc6 ne yafi, don yana buɗe wa sarauniya da bishof na c8 hanya lokaci ɗaya. In fari ya yi zalama ya ci e5 da doki, sarauniya d4 ta kama dokin da sojan e4 tare, ka dawo da naka.

Amma fa akwai bashi a ciki, nan ne mutane suka fi faɗawa. Yanzu kana da sojoji biyu a jere a layin c, in aka yi musayar d4 fari na da huɗu kai uku a ɓangaren sarki, naka huɗun na ɗaya ɓangaren kuma da ƙyar su fitar da wanda zai wuce ya zama sarauniya. Don haka daina yarda da kowace musaya, bishof biyun nan su ne jarinka, riƙe su. Da wannan buɗewar Lasker, zakaran duniya a lokacin, ya doke Capablanca a 1914 yana riƙe da fari, Fischer na Amurka ma ya ci wasanni da ita a Havana a 1966, kar ka raina ta.

Sojan b2 kuwa, Fischer kansa ya ci shi da sarauniya a wasa na 11 na gasar zakaran duniya da Spassky a 1972, aka rufe mata hanya ya rasa ta ya sha kashi. Kafin ka ɗauka, ƙirga gidajen da zata koma, in babu biyu masu aminci ƙyale shi ka fito da dokinka.