Shawara ga mai niyyar zuwa Gembu da tsaunukan Mambila

Jama'a, duk wanda zai je Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, ina ba shi shawara ya kwana a Serti, garin da ke kan hanya kafin a kai tsaunukan, ya kama hawan dutse da sassafe. Daga Mayo Selbe, garin da ke gindin dutsen, hanya takan yi ta lanƙwasa a gefen kwari mai zurfi, kuma idan hazo ya sauka direba ba ya ganin abin da ke gabansa, saboda haka a duba birki da tayoyi tun kafin a tashi. Watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi dacewa, domin damina a can tana da tsawo, hanyoyin ƙauyuka kuma sukan koma taɓo.

A riƙe rigar sanyi mai kauri, musamman ga yara, domin tudun ya kai wajen mita 1,600, sanyin dare kuwa ba irin na Kano ba ne. A tafi da kuɗi a hannu, a kuma tambayi direbobin tasha ranar da kasuwar shanu ta Nguroje take ci. Gonakin shayi na Kakara sun cancanci yini guda, amma a nemi izini kafin a shiga ko a ɗauki hoto.