Gwajin tsokar furostet: kurakuran da maza suka fi yi

Furostet wani ɗan ƙululu ne mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya zagaye hanyar da fitsari ke bi. Sau da yawa za ka ji ana cewa "kansar mafitsara", alhali mafitsara daban, furostet daban. Idan likita ya yi zargin ciwon daji a wurin, sai a sa siririyar allura a tsakuro 'yan tsoka, galibi 10 zuwa 12, a kai ɗakin gwaji. Shi ake kira bayofsi.

Tun daga takardar gwajin jini ake fara kuskure. Mutum ya ga PSA ɗinsa, wato sinadarin da furostet ke fitarwa wanda ake aunawa a jini, ya haura 4, sai hankalinsa ya tashi, ya fara barin wasiyya. To ai ba daji kaɗai ke ɗaga PSA ba. Girman furostet irin na tsufa yana ɗaga shi, haka ciwon sanyin fitsari, da robar fitsari, har saduwa da iyali ko doguwar tafiya a keke kwana biyu kafin a ɗebi jinin. Gyaran shi ne a maimaita gwajin bayan 'yan makonni. Idan akwai ciwon sanyi, a warke tukuna, a jira kamar mako 6. Mai shan finasteride ko dutasteride, magungunan rage girman furostet, kuwa, nasa lissafin daban ne: maganin yana rage PSA da kusan rabi, sai lamba ta yi kyau a takarda alhali ba haka abin yake ba. Gaya wa likita kana sha.

Inda akwai hali, a yi hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, kafin allura. Ana ba hoton maki daga 1 zuwa 5. Mai 1 ko 2 sau da yawa ana iya ƙyale shi a ci gaba da sa ido, mai 4 ko 5 kuwa sai bayofsi, kuma hoton ne zai nuna wa likita inda zai nufa da allurar. Akwai tsada, gaskiya, amma tambaya ba ta cin kuɗi.

Sai masu gudu. An ce a dawo ranar kaza, sai a ɓace, saboda wani ya ce daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi zai bazu. Wannan magana ta cuci maza da yawa. Abin da ke ba daji damar kai wa ƙashin baya da ƙugu shi ne watannin da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe, ba allurar minti 20 ba. Kuma baƙar fata sun fi saura haɗari; a Ingila an ƙiyasta ɗaya cikin 4 na baƙaƙen maza zai gamu da cutar a rayuwarsa. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, shi ma haɗarinsa ya ƙaru. Wasu kuma kunya ce ke hana su, don ta dubura ake bi. Akwai wata hanyar, ta fatar da ke tsakanin maraina da dubura, kuma ta fi ƙarancin kawo ƙwayoyin cuta. Tambayi ko asibitin na yi.

A wajen shiri, babban kuskure shi ne ɓoye magani. Warfarin, clopidogrel, asfirin da duk mai tsinka jini, tattara kwalayensu a leda ka kai wa likita, har da na gargajiya. Kada ka dakatar da su da kanka, musamman idan an taɓa yi maka aikin zuciya ko ka taɓa shanyewar ɓarin jiki. Likita ne zai faɗi wanda za a tsayar da kuma kwana nawa. Idan ka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na ciprofloxacin kwanan nan, faɗa, don shi aka saba bayarwa na kariya, kuma ƙwayoyin cikinka suna iya saba masa. Idan allurar kashe zafi ta wurin kaɗai za a yi, yawanci ba sai ka zo da yunwa ba, ballantana mai ciwon suga.

Bayan an gama, jini a fitsari na 'yan kwanaki ba abin tsoro ba ne, a maniyyi ma yakan kai makonni. Sha ruwa sosai, ka bar ɗaukar kaya masu nauyi na kwana biyu. Amma zazzaɓi da rawar sanyi a kwanakin farko, kada ka ce maleriya ce ka aika yaro kemis. Ƙwayoyin cuta na iya shiga jini, kuma cikin awanni abu yake lalacewa. Koma asibiti ko da tsakar dare ne, ka ce musu an yi maka bayofsi. Haka idan fitsari ya tsaya cak, ko jini ya ƙi tsayawa.

Idan sakamako ya ce ba a ga komai ba, kada ka yar da katin asibiti, allura tana iya kuskure wurin, don haka a ci gaba da bin PSA. Idan kuma an gani, tambayi makin Gleason, wato makin da ke nuna ƙarfin dajin: 6 mai tafiyar hawainiya ne, sau da yawa sa ido kawai ake yi, 8 zuwa 10 ne ba sa son jira.